Shafin da Babu Sunana

Gashuwa,
9 ga Maris, 1986.

Zuwa ga aminina Madu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen Nguru. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Madu, ranar Talata da safe na sauka bakin kogi na tarar da mutanen talabijin daga Maiduguri sun kafa kyamara. Wani ɗan wasa yana tsaye cikin kwalekwale, yana hana ƙaninsa shiga. Tun kafin ya buɗe baki na san abin da zai faɗa, don ni na rubuta. Wasana ne, na mai fito, wanda na shekara biyu a kansa.

Ka tuna na kai wa Malam Bobboi, shugaban ƙungiyar wasanmu, ya duba mini. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya koya mini aiki. Tunda ka ce kai ma ka fara rubutu, riƙe wannan. Kowace fitowa ka fara da faɗin wuri, ciki ne ko waje, da safe ne ko da yamma. Sunan mai magana a tsakiya da manyan baƙaƙe, maganarsa a ƙasa. Kada ka rubuta cewa mutum yana baƙin ciki a zuci, kyamara ba ta ganin zuci. Sa shi ya ture kwanon tuwo. Sau uku na sake kwafe littafin a kan wannan, ban yi ƙorafi ba.

Abu ɗaya ne bai gaya mini ba. Ni na yi yadda muka ga malamanmu na zaure suna yi, na sa sunana can ƙarshe bayan tammat, tare da roƙon addu'a. Na ji kunyar ɗora shi a gaba. Ashe su mutanen talabijin shafin farko kaɗai suke dubawa. Da aka kai wa Cletus mai tafireta ya buga, an ce masa shafin ƙarshe ba ya cikin wasa. Na leƙa takardar da ke hannun mai ba da umarni, sunan Bobboi ne a sama, har an ja masa layi.

Bobboi yana wurin. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce in ɗan matsa ina tare musu haske. Na matsa.

Don Allah kafin ka rubuta kalma ɗaya, rubuta sunanka a gaba.

Ba ni kaɗai na gani ba. Mai fiton da ake kira Kalli yana nan, shi da na karanta wa wasan tun daminar bara, kwalekwalensa ma aka ara. Cletus ma yana nan. Da muka haɗa ido, sai ya duƙa yana gyaran igiyar takalminsa.

Ka gaida kowa.

Naka,
Laminu