Babur ɗin da Ya Ƙi Hucewa

Gumel,
Juma'a, kwana goma sha biyu da haihuwa.

Zuwa ga Rayhana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da baƙuwar tamu. Yaya jego, yaya ruwan zafi? A gaishe min da Baba da Inna, a yi musu ban gajiyar suna. Na gaji da kiran wayarki ba ta shiga, tunda a ƙauyenku sai an hau tudun bayan makaranta ake samun sabis, ke kuma mai jego ba fita. Shi ya sa na koma wa takarda irin ta lokacin da nake zuwa zance. Hamza direban Ɗanzomo zai miƙo miki.

Akwai abin da na yi, kuma ke kaɗai zan faɗa wa. Kin san halin babur ɗin nan nawa mai caji. Ba ya shan fetur, ba ya ƙara, amma in ya mutu sai ya kwashe awa bakwai a soket, ina zaune ina hamma, 'yan acaba masu fetur suna kwashe fasinja a kan idona. Jiya Alhamis kasuwar Maigatari ta cika ta batse, ni kuwa kafin azahar caji ya ƙare. Wallahi ji na yi kamar in tura shi rami in huta.

A nan wani ya nuna min rumfar Abdulbaƙi, wani mutumin Damagaram mai gyaran janareto. Ya sayar min da wata ƙatuwar caja baƙa mai fanka a ciki, ya buɗe cikin babur ɗin, ya sa masa wayoyi masu kauri da bakin caji na biyu. Da muka gwada, sai babur ya riƙa yanke cajin da kansa bayan minti biyar. Abdulbaƙi ya nuna min wani ɗan allo kore a jikin batirin, ya ce shi ne mai gadi, shi ke hana kuran shiga da yawa, kuran ɗin nan wutar lantarki ke nan a bakinsu. Ya ce tsoro ne kawai irin na masu ƙera shi, in na yarda zai tsallake shi. Na yarda. Rayhana, awa ɗaya da kwata ya cika taf!

Damuwata Kawu Ladan ce. Kin san bijimansa biyu ya sayar ya saya min babur ɗin nan, kuma ranar da ya miƙo min makulli sharaɗi ɗaya ya kafa, kada in bari makaniken bakin titi ya buɗe cikinsa. Mutumin da ya riƙe ni tun ina shekara huɗu, ban taɓa tsallake maganarsa ba sai jiya. Ban san da wane baki zan faɗa masa ba. Cajar na sa ta a buhu na ajiye a shagon caji na Malam Habibullah. Zan faɗa masa, amma bari ya fara ganin amfanin abin tukuna.

Wani ɗan abin dariya. Yau da safe na shiga shagon Kawu na zaure in fito da babur, tunda a nan yake kwana saboda ɓarayi. Na dafa kujerar babur ɗin na ji ta da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi daga kai. Na tambayi Kawu ko shi ya zauna, ya ce me zai kai shi. Zafin bazarar nan ne mana.

Ki sha kunun kanwa da kyau, kada ki dawo min a bushe. Ki shafa min kan mutuniyar.

Mijinki,
Sha'aibu.

Gumel,
Litinin, kwana ashirin da biyu.

Rayhana,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na ji daɗi da kika ce cibiya ta warke. Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa Inna da alheri.

Kin cika shafi guda da cewa in je in faɗa wa Kawu. Haba Rayhana! Ke da kike kwance ana dama miki kunu, faɗa ba wuya. Na ce zan faɗa, ki bar ni in samu lokacin da ya dace.

Aiki dai alhamdu lillahi, sawu biyu na ƙara a rana. Sai dai babur ɗin ya fara wasu halaye da ba na so. Ɗumin nan bai tafi ba. Ko ya wuni a inuwa ba a taɓa shi ba, in ka sa hannu a cikinsa sai ka ji shi kamar jikin mai zazzaɓi. Kyanwar Kawu da kullum a kan kujerarsa take barci, yanzu ko ƙofar shagon ba ta ƙetarawa, sai ta tsaya daga bakin zaure ta zuba masa ido. Ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da yake fitowa, ba na turare ba, ba na 'ya'yan itace ba, irin wanda yake tsaya wa mutum a maƙogwaro.

Shekaranjiya na ɗauko wata dattijuwa daga Gagarawa da ƙullin yakuwa. Muna tsakiyar hanya ta dafa kafaɗata ta ce in tsaya. Ta sauka, ta ce akwai mai numfashi a ƙarƙashinta, ba za ta ƙarasa a kai ba. Na yi mata dariya, na ce Iya yunwa ce. Da ta yi nisa na kashe makulli na kara kunne. Rayhana, na ji shi. Wani ɗan huci ne siriri, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya, sai kuma ƙas, ƙas, kamar ana taɓa kwano da farce. Babu kowa a hanyar sai ni da gonaki, ga rana tsaka.

Jiya kuma murfin batirin ya ƙi rufuwa. Cikin ya kumbura. Na ɗaure shi da roba na rufa tsumma a kai don kada Kawu ya gani, amma ya gani. Ya daɗe yana kallonsa yana jan carbi.

Kada ki faɗa wa Inna, kin san ta da tsoro. Ina kewarki fiye da yadda zan iya rubutawa.

Naki,
Sha'aibu.

Gumel,
Asabar, kwana ashirin da bakwai.

Rayhana,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya ke da yarinya da mutanen gida. Ni dai jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Malam Habibullah ya kore ni daga shagonsa. Ya ga kumburin ya ja da baya har yana ture benci. Ya ce batirin nan ya dahu daga ciki, abin da aka tsallake shi ne mai hana shi dahuwa, kuma irin wannan ba ya ba da sanarwa. Ya ce in cire shi in kai shi fili nesa da gida, nesa da rana da duk wani abu mai zafi, kada in ƙara sa masa caji ko na minti ɗaya. Na ji haushi na gaya masa maganganu, amma a raina na san gaskiya ya faɗa.

Na dawo gida da niyyar in durƙusa gaban Kawu in fayyace masa komai. Na tarar ya riga ni da nasa bayanin. Ya tambaye ni ko ina bin ta gindin tsamiyar nan ta hanyar Gagarawa da tsakar rana, na ce kullum. Ya girgiza kai. Ya ce ko ruwan zafi mace za ta zubar sai ta yi bisimilla ta nemi gafara, don 'ya'yan mutanen ɓoye su kauce. Babur mai fetur ƙararsa ita ce neman gafararsa, tun daga nesa suke ji su janye yaransu. Nawa kuwa shiru yake zuwa kamar ɓarawo. A ganinsa na taka musu ɗa, uwar kuma ta biyo ni ta tare a cikin babur ɗin. Ɗumin jikinta ne, numfashinta ne, ƙamshinta ne.

Wallahi Rayhana, yadda ya jera abin, ni kaina da na san abin da na aikata sai da na waiga na kalli ƙofar shagon.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ga abokansa biyu na masallaci sun yi sallama. A gabansu ya dafa kaina ya ce wannan yaron tun da yake bai taɓa saɓa masa ba, don haka ba zai zuba ido wata iska ta raba shi da abincinsa ba, ga jaririya a hannu. Suka yi ta sa min albarka. Ke ki gaya min, a nan ne zan ce Kawu ba haka ba ne? In ƙaryata shi a gaban tsaransa, in kuma ce na ci amanarsa? Na ce amin kawai.

Ya yanke cewa zai yi mata hayaƙi kwana uku, kullum da hantsi. Yau aka fara. Ya lulluɓe babur ɗin da bargo, ya tura kaskon garwashi da habbatus sauda da wasu saiwoyi a ƙarƙashinsa, ya toshe taga da tsumma, ya sa sakata ta ciki, ya zauna yana karatu. Ya hana kowa shiga. Na tsaya a zaure ina zufa har ya fito. Ya ce ta fara motsi, ya ji tana huci sosai.

Saura gobe da jibi. Na san garwashi a ƙarƙashin batirin nan ganganci ne, na sani. Amma yau an yi lafiya. Da ya gama na jibi zan ce zan kai shi wanki, in wuce da shi bayan gari in cire batirin, shi ya ga aikinsa ya ci, ni kuma asirina a rufe. Kwana biyu ne kawai. Ki taya ni da addu'a, kuma don Allah kada ki rubuto min faɗa.

Mijinki,
Sha'aibu.

Gumel,
Alhamis, kwana talatin da biyu.

Rayhana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da yarinya kuna lafiya. Na san Hamza ya kai muku labarin rasuwa, na kuma ga Baba a wurin jana'iza, Allah ya ba shi lada. Abin da aka gaya muku shi ne abin da gari yake faɗa. Ga abin da ya faru.

Ranar Litinin da hantsi Kawu ya shiga hayaƙin ƙarshe. Ya ƙara garwashi fiye da na kullum, ya ce yau za ta fita ko tana so ko ba ta so. Maƙwabta sun ji labari, zaure ya cika. Muna jin karatunsa ta bayan ƙofa. Can sai muka ji wani tsaki mai tsawo, kamar an tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa, sai farin hayaƙi ya fara fitowa ta ƙasan ƙofa, mai kauri, yana bin ƙasa, da ƙamshin nan mai zaƙi. Na yi kan ƙofar ina kiran Kawu. Mutum uku suka riƙe ni, suka ce aiki ne yake ci, kada in ɓata masa. Shi ma a ciki bai tashi ba. Ƙara ɗaga murya ya yi, don abin da yake jira ke nan, ya ɗauka fitarta ce.

Na yi ihu na ce ba iska ba ce, batir ne, ni na sa aka taɓa shi. Babu wanda ya saurare ni, wani ma cewa ya yi ta shige ni. Sai da abin ya buga kamar bindiga, karatun ya yanke, sannan suka sake ni. Muka ɓalle ƙofar da taɓarya. Ni na jawo shi waje.

Wutar nan ban taɓa ganin irinta ba. A zuba ruwa ta kwanta, a juya baya ta tashi da kanta tana feshi. Sau uku tana haka. Mutane suka ja baya suna a'uziyya, har yanzu babu mai bi ta ƙofar gidanmu bayan ya ga baƙin bangon.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Hayaƙin ya cinye masa ƙirji, hannuwansa da fuskarsa duk a naɗe. Jiya da azahar ya farfaɗo ya sa aka fitar da kowa sai ni. Na durƙusa a bakin gadon, na ce a raina yanzu zan faɗa, ko me zai biyo baya. Sai ya riga ni. Muryar da ƙyar take fita, sai da na kai kunnena bakinsa. Ya ce hannunsa rawa yake yi saboda tsufa, ya san shi ya tura kaskon ya matsu da bargo. Ya ce ya ƙona min sana'ata da hannunsa, ga iyali, ga jaririya, kuma ba shi da sauran bijimin da zai sayar. Ya ce in yafe masa don Allah, kada ya je gaban Ubangiji da haƙƙina a wuyansa.

Na ce Kawu ba laifinka ba ne, akwai maganar da zan gaya maka. Ya ɗauka kara nake yi masa. Ya fara kuka, numfashinsa yana sarƙewa, yana ta maimaita in yafe masa, in yafe masa. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce in ba shi abin da yake so, ba shi da lokacin dogon zance.

Na ce na yafe, Rayhana. Da bakina na faɗa. Ya yi hamdala, jikinsa ya saki, bai ƙara magana ba har ya cika kafin la'asar.

Yanzu ina zaune a kan tabarmar makoki, mutane suna shigowa layi-layi suna cewa Kawu ya yi shahada wajen kare ɗansa, suna yi min jajen babur. Na gaya wa liman gaskiya, na gaya wa abokan Kawu, sun ce zafin rashi ne, in yi ta istigfari. Ke kaɗai kika san ba zafin rashi ba ne. Shi ya tafi da yafiyata a kan laifin da bai yi ba, ni kuma wanda zan nemi tasa yana ƙarƙashin ƙasa.

Ki gaida Inna. Ki riƙe yarinyar nan da kyau. In kin idar da salla ki sa Kawu a addu'a, in da saura ki sa ni.

Mijinki,
Sha'aibu.