Shanun da Aka Ƙirga

Tambuwal.

Zuwa ga Gwaggona Batula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Ki gaishe mini da Inna da Baba da duk mutanen Kebbe. Mu nan lafiya lau, Kaka ma yana nan garau, sai tsokana.

Gwaggo, kin san ba na iya magana gaban manya, harshena ɗaurewa yake yi, shi ya sa na rubuto. Baffa Nu'umanu ya zo makon jiya. Na kai musu ruwa zaure, na ji yana gaya wa Kaka wai a Kebbe ana cewa tsufa ya fara taɓa shi. Wai mutumin da ya gama aikin sakatariya da mutuncinsa ya kwashi kuɗin sallamarsa ya sayi kyamara da kwamfuta, yana bin bayan jakuna, kuma yana jan yarinya cikin shiririta. Na ajiye ruwan na fita. Amma ke zan gaya miki, ba shiririta ba ce.

Da safe muke fita, kafin rana ta yi ƙarfi. Mukan ɗauki rumbuna, da fadama, da masu saƙar tabarma in sun yarda. Idon Kaka ba ya son hasken kwamfuta, don haka ni ke zama in gyara, in ƙara haske, in yanke gefen da bai yi kyau ba. Shi yana bayana yana cewa amaryarsa ta fi shi ido amma ya fi ta kyau. Sai a kai Sakkwato a wanke manya, mu sa a firem.

Ran kasuwa in mun baje su, dariya ake yi mana. Wani ya tambaya wa zai sayi hoton rumbu babu ko mutum ciki, in da gero ne a kawo masa. Kaka ya ce masa wanga rumbu gara ba ta cin sa. To ran nan wata likita ta tsaya ta daɗe, ta ce kamar na gidan kakarta, ta saya ba ta ko taya ba.

Za a yi nunin amfanin gona nan Tambuwal, an ba mu rumfa. Kin tuna farin bajimin Dikko, mai yi wa Baba kiwo? Da muka zo sallah ya ba mu izini, ni na ɗauka da hannuna. Shi za mu sa a gaba. In masu gulma na da ido, su zo su gani.

Taki ɗiya,
Rumasa'u.

Tambuwal.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Saƙon Baba ya iso mu, cewa a sayar da kyamara, ni kuma in tattara kayana in koma Kebbe. Na san kin ji labarin daga bakin mutane. Ga shi daga bakin wadda ta tsaya a wurin.

Bajimin kaɗai Dikko ya yarda mu ɗauka, kuma shi muka ɗauka. A fuskar kyamara sauran garken can baya kamar ƙwayoyin gero suke, ba mu ko kula ba. Da aka wanke hoton babba, kowace saniya ta fito, har yankan kunnenta. Mu dai kyansa ya rufe mana ido.

A wurin nunin jama'a suka cika rumfarmu. Sai wani dillalin shanu ya gane yankan kunnen, ya ce ai garken Dikko ne. Ya ɗora yatsa kan gilashin yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ko tubarkalla bai ce ba. Ya faɗi adadin kowa ya ji. Ni ba zan rubuta shi ba. Gwaggo, ke kin sani, ko matar Dikko ba ta taɓa jin adadin nan daga bakinsa ba. Ga kambun baka, ga ɓarayin shanu da ke da kunne a kowace kasuwa. Kaka ya cire rigarsa ta sama ya rufe hoton, amma magana ta riga ta fita.

Da muka ji saniyar Dikko ta yi ɓari, kuma ya ce zai maido wa Baba shanunsa ya nemi wani makiyayi, ban ci abinci ba ranar. Kaka ya hau babur da kansa a wannan hanya taku, da hoton da buhun kanwa, ya je har ruga ya ba da haƙuri. Ni kuma na goge shi daga kwamfuta da katin kyamara. Shi ne mafi kyan abin da na taɓa yi, kuma ban bar ko ɗaya ba. Dikko ya karɓi kanwar, ya ce ya yafe, shanun Baba su zauna.

To in mai shanu ya yafe, mi ya rage? Mun yi kuskure, mun gyara. Ban taɓa jin an rushe murhu don tuwo ya ƙone ba. Ni dai na san ba don Dikko ba ne kaɗai. Tun farko ana jin kunyar a ce Kaka, Malam Jumare guda, na zaune a rumfa yana ciniki da jikarsa, yanzu an samu dalili.

Abin da ke damuna Kaka ne. Tun da ya dawo ya sa kyamara a akwati, ya koma zaman tabarma da rediyo kamar farkon ritayarsa, lokacin da yake wuni bai ce uffan ba. Ko amarya ya daina ce mini. In na tafi, wa zai gyara masa hoto? Ki gaya wa Baba ina girmama shi, amma ban ɗaure kaya ba, kuma ba zan ɗaure ba.

Taki,
Rumasa'u.

Tambuwal.

Gwaggona abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na gode da man shanun da kika aiko ta hannun Baffa Nu'umanu. Kin dai ga ya dawo shi kaɗai.

Da na ji tsayuwar baburinsa, sai na buɗe akwatin Kaka ba tare da izini ba, na rataya kyamara a wuya, na je zaure na zauna bakin tabarma. Ban iya ko ɗaga kai ba. Baffa ya ce in tashi in ɗauko kayana. Ban tashi ba. Ya sake faɗa, ya ƙara da cewa ban da kunya. Na riƙe igiyar kyamara da hannu biyu har ta yi mini shaida.

Kaka ya daɗe yana dubana. Sai ya kashe rediyo ya tambayi Baffa wa ya aiko shi. Baffa ya ce yayansa ne, a kawo masa ɗiyarsa.

Kaka ya ce, "Yana da ɗiya a gidan nan? Tun da aka yaye ta aka kawo mini, ban taɓa jin ya ce tasa ce ba. Ka ce ya zo da kansa, ya tsaya gabana ya kira sunanta, sai in ba shi."

Baffa ya gane inda Kaka ya dosa. Ya san ni ɗiyar fari ce. Baba ko gaisuwata ba ya amsawa in Kaka na wurin, sai ya dubi bango, balle ya kama sunana. Baffa ya sha ruwa, ya yi sallama.

Bayan ya tafi Kaka ya ce in tashi in goge gilashin kyamara, na cika shi da hawaye. Baje-kolin Sakkwato ya kusa, mun riga mun zaɓi hotuna. Babu garken kowa a ciki, duk wanda ke da saniya sai na ƙara girmansa na duba kowane lungu. Kuma wannan karon ni zan riƙa faɗin farashi, ko muryata za ta yi rawa.

Na yi murna, Gwaggo, kada ki ce ban yi ba. Amma tun ranar, duk baburin da ya tsaya ƙofar gida sai na kasa kunne. Na san Baba ba zai zo ba. In kuwa ya zo ya kira, zan amsa masa da ladabi, don ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Amma da kyamara a wuyana zai same ni.

Ki gaishe da Inna. Ki gaishe shi.

Taki ɗiya har kullum,
Rumasa'u.