Mariƙin 'Yan Koyo

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya.

Kin tambayi jikin Babanku. Ƙafa ta samu, baki ya daidaita, hannun dama ne har yanzu ba ya dunƙuluwa. Abin da ya fi damuna zaman ɗaki. Tun ranar da ya gwada kaɗa sandar golf a tsakar gida, ta suɓuce masa ta fasa gilashin taga, ya tura jakar sandunan bayan ƙofa, ko waje ba ya leƙawa. Likita kuwa ya ce in bai koma motsi ba, jikin baya zai ci.

Na ja ƙafa na je wurin mai gyaran sanduna, ko canjin mariƙi zai taimaka. Ya zube mini iri uku a kan tebur, ni da ban san kan sanda da gindinta ba. Na fata ya fi kyau, amma yana santsi in hannu ya yi gumi. Na roba mai zare yana kamawa, sai dai yana cin tafin hannu. Sai na roba mai kauri da laushi, wanda ya ce shi ya dace da hannu marar ƙarfi. Na kawo wa Babanku bayani, ya ɗaure fuska, wai roba ta 'yan koyo ce. Kin san shekarun da ya yi yana tsokanar abokansa a kan haka. Fata ko a bari. Na gaji da musu, na kai safar hannunsa a auna, na ce a sa fatar.

Ki gaida kowa.

Mahaifiyarki

Zuwa ga Autata,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

An yi ba a yi ba. Fatar ta zo, siririya, tana ƙamshi, amma hannun ya kasa kama ta. Ashe masu wasan nan hannun hagu kaɗai suke sa wa safa. Lafiyayyen hannun aka auna, marar lafiyan babu wanda ya tambaye shi. Na zauna a bakin gado na yi kuka, ba don fatar ba, don gajiya.

Ina jin Babanku ya ga kukan. Washegari na tarar da shi ya sa takalmi, ya jawo jakar da kansa. Muka tafi tare. A shagon ya ɗora hannun nan da yake ɓoye wa baƙi a kan tebur, a buɗe, mai gyaran ya auna shi yatsa-yatsa. Babanku ya shafa fatar ya daɗe, sannan ya ture ta gefe ya nuna mai kaurin. Mai gyaran, da ya san halinsa, ya tuna masa cewa ta 'yan koyo ce. Babanku ya ce ai shi ma yanzu ɗan koyo ne, a sa masa.

Jiya ya buga a fili. Ƙwallon ba ta yi nisa ba, ko ni zan iya jefa ta can. Amma sandar tana hannunsa.

Ki turo masa hula, rana ta fara dukansa.

Mahaifiyarki