Inda Ake Wanke Gero

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Binta da yara. Mu nan Dutse sai godiya.

Ka san Inna ta kwana biyu ba ta cin abinci, romon tarwaɗa kawai take marmari. Da za ni ɗaurin aure wani ƙauye bayan Jahun, sai na tafi da fatsata. Na zauna bakin tafkinsu har azahar, ko ɗaya ban kama ba. Wata dattijuwa ta yi mini dariya, ta ce, "Ɗan nan, koma inda muke wanke gero, can suke taruwa." Kafin la'asar na kama huɗu.

Ka gaida kowa, a ci gaba da addu'a. Jiya Inna ta shanye kwano guda, har da neman ƙari.

Ƙaninka,
Habu