Jan Marfin Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya ɗinki? Tunda ba ka ɗaga wayata, ga takarda a jakar Auta.

Raina a ɓace yake. Wata biyu ina fama da 'yarka a ajina na yara masu wuyar sha'ani kafin mu sami dabara. Na ba ta jan marfin kwalba. In ta ji zuciya ta taso mata, sai ta ajiye shi a tebur, ta fita ta ƙirga goma, ta dawo. Mako uku ba ta ciji kowa ba.

Jiya ta zo ba marfi, ga shatin bulala a ƙafa. Kafin ƙarfe tara ta gantsara wa wata yarinya cizo. Shugaban makaranta ya ce in ta ƙara, kora ce, kuma ka san makarantu biyu sun riga sun kore ta. Me ka yi da marfin?

Ka gaida mamanta.
Ƙanwarka.

Malama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Marfi yana bola. Ina cikin yi mata faɗa a shago ta dangwara min shi a kan keken ɗinki, ta juya ta fice, a gaban mutane. Ashe ke kika koya mata. In karatun da kika yi ke nan, a koya wa 'ya ta juya wa ubanta baya, to an yi asarar takarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da aka doka, me ya same mu? Ki bari sai kin haifi taki.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

Yaya,

Sallama, da gaisuwar da ta zama dole.

Maganar haihuwa ta yi min ciwo, amma na haɗiye. Ka tambayi abin da ya same ka, bari in tuna maka. Wa Baba ya riƙa ɗaurewa a ƙafar gado? Wa ya fasa tagar aji, aka kore shi a aji huɗu? Ina leƙe ta ƙofa, na ga ba ka daina ba, ɓoyewa kawai ka koya. Har yau in kana fushi masu kawo ɗinki ba sa tsayawa awo.

Ba raina ka ta yi ba. Ta fita ne don kada ta cije ka. Yarinya 'yar shekara bakwai ta riƙe zuciyarta, ka saka mata da bulala. In aka kore ta, ni ba zan yafe maka ba.

Allah ya huci zuciyarka.
Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Sallama.

Ɗazu Auta ta yanka yadin mutane da almakashi. Na ɗaga hannu. Ba ta gudu ba. Ta tsinci jan maɓalli a gwangwani ta ajiye a gabana, ta ce, "Baba, naka ne."

Na fita. Nata marfin kuma na tsinto shi daga bola, na ɗinke mata shi a aljihu da dogon zare, ba mai yar da shi.

Ki faɗa min, dole goma ake ƙirgawa? Ni ba ta ishe ni ba.

Na gode.
Yayanki.