Katin da Zai Tsare Mayaƙan Yaya

Asabar, 4 ga Mayu

Yau muka koma wasan kati, karon farko tun da ɓarin jikin Yaya ya shanye. Da a shagon Tela muke yi, kan teburin yanka. Yanzu a falon Yaya. Mu huɗu kamar kullum: ni, Yaya, Tela da Mai Kemis. Likita ce ta ce a bar shi ya yi, wai zai motsa masa hannu da harshe. Hannun dama ba ya riƙe komai, sai na tsaga katako na yi masa wurin jera kati.

Wasansa bai canja ba. Ya yi ta jera katunan mayaƙa a tebur, da hagu, gumi na tsatso masa. Sai da ya cika gabansa Tela ya ajiye Gobara, katin nan mai ƙone mayaƙan kowa a tashi ɗaya. Da can Yaya zai ce, "Mugu, ɗinkinka ma haka yake," a kwashe da dariya. Yau bakin ya buɗe, maganar ta ƙi fitowa. Ni na kwashe masa katunan.

Talata, 7 ga Mayu

Na baje katunansa a ɗakina. Gurbi ɗaya kawai zan iya samu ban ɓata masa tsari ba. Me zan sa?

Garkuwa tana tsare mayaƙanka duka, amma cin ƙarfi gare ta, wato makin da ake kashewa kafin a ajiye kati. Dole ka ajiye ƙarfin ka zauna jira, ba ka ƙara mayaƙi ba. Yaya da jira? Maɓoya ba ta cin komai, sai dai mutum ɗaya take ɓoyewa, sauran su ƙone a idonka. Wadda ta fi duka ita ce Katsewa, tana kashe Gobara tun ba ta kama ba. Amma a ƙa'idarmu sai ka furta "na katse" kafin mai Gobara ya ɗauke yatsa daga katinsa. Mutumin da kalmar "ruwa" ma sai ya yi kokawa da ita.

Garkuwa na sa. Ban gaya masa ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya jawo ta. Ya dube ta, ya dube ni, ya kife. Gobara ta zo, yana da ƙarfin da zai ɗaga Garkuwar, bai taɓa ta ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Na je wurin Tela. Keke na gudu, bai ko ɗago ba. Na ce don Allah ya bar Gobarar nan na ɗan lokaci. Ya tsai da ƙafa ya ce, "Auta, mutumin da ya sha cinye ni tun kana makaranta, shi kake so in yi wa wasan yara?" Na ce ka ga fuskarsa ai. Ya ciji zare, ya ce to.

Asabar, 18 ga Mayu

Da ma ban je ba.

Yaya ya ci. Mayaƙansa suka share mu, Mai Kemis har da tafi. Shi bai yi murmushi ba. Ya miƙa hagu ya fizge katunan da ke hannun Tela, suka zube. Ga Gobara a ciki, tun farkon wasa yana riƙe da ita.

Yaya ya sa hannu ya share teburin, har kofin shayi. Ya ce, "Ku fita." Tar, ba gargada. Tun da ya kwanta bai yi magana mai kyau kamar wannan ba. Anti, matarsa, tana bakin ƙofa, ta rasa kuka za ta yi ko hamdala.

Litinin, 20 ga Mayu

Na yi masa wanka. Bai dube ni ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ya nuna akwatin kati da haɓa. Na riƙa ɗaga masa ɗaya-ɗaya yana girgiza kai, har na zo kan Katsewa. Na ce Yaya, wannan sai an yi magana fa. Kallon da ya yi mini, irin na lokacin da nake yaro in na taɓa rediyonsa. Na cire Garkuwa na sa ta.

Anti ta ce in ta shiga kicin tana jin shi shi kaɗai yana ta "na ka, na ka" da bango.

Asabar, 1 ga Yuni

Tela ya zo da kunya, ya zauna a gefen kujera kamar baƙo. Yaya ya buga masa tebur, wato raba kati.

Yaya ya cika gabansa, amma yau ya rage ƙarfi a ajiye. Tela ya ajiye Gobara da gaske, yatsa a kai. Yaya ya fara. Jijiyar wuyansa ta miƙe, yawu ya zubo. Na kai hannu aljihu neman hankici, Mai Kemis ya taka mini ƙafa. Ban san ko Tela ya jinkirta ba, kuma ba zan tambaye shi ba. Na dai ji: "Na katse."

Ba wanda ya yi tafi, mun yi hankali. Zagaye ya zo kan Mai Kemis, ya ce, "Ka yi haƙuri, babban yaya," ya ajiye Annoba. Ita ma ba ta barin kowa. Katsewa ɗaya ce, ta riga ta tafi. Teburin ya koma fayau.

Yaya ya yi dariya da rabin baki har hawaye. Ya nuna Mai Kemis ya ce, "Mugu."

Laraba, 5 ga Yuni

Ya sake faɗuwa, a banɗaki. Muna asibiti.

Lahadi, 9 ga Yuni

Likita ta ja ni gefe. Ta ce wannan ya fi na farko, kada mu sa rai da magana. Na ce amma ya fara samun sauƙi, har wasa ya yi. Ta ce haka ciwon yake, mu yi ta addu'a. Warin maganin wanke ƙasa ya bi rigata har gida.

Juma'a, 21 ga Yuni

An sallame mu. Abinci ta roba a hanci. Juyi safe, juyi rana, kada bayansa ya yi gyambo. Tela ya zo, ya tsaya a ƙofa bai iya shiga ba. Idon Yaya na bin fanka kawai. Bayana na ciwo. Anti ta rame, ba ma magana sai ta magani.

Asabar, 6 ga Yuli

Wando kawai na je karɓa a shagon Tela. Na tarar sun share teburin yanka, da Mai Kemis da wani direba da ban sani ba, suna neman na huɗu. Na ce hannu ɗaya kawai zan buga. Direban barkwanci gare shi, ya ba da labarin fasinjan da ya biya wa akuyarsa kujera, na yi dariya har na ƙware. Hannu ɗaya ya zama har la'asar.

Sai da na fito na ga kiran Anti a waya. Ta ce ba komai, juyi ne, maƙwabci ya kama mata. Na ce aiki ne ya riƙe ni.

Tela ya ce sai Asabar mai zuwa.

Wandon ma na baro shi can.