Saiwar da Goggo ke Jiƙawa

Faris, Faransa, 1956

Yaya Kanta,

Bayan gaisuwa, ya mutanen Madarumfa, ya Nana da jaririnku? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin sanyi. Kada Inna ta ji.

Saiwar da Goggo ke jiƙa wa jarirai, wadda ta ƙunso mini, na gwada ta a na'urar lakwal ɗin da nake karatu, mai ratsa abu da haske ta zana siffar abin da ke cikinsa. Zanen ya yi daidai da na guba mai cin hanta. Na maimaita, bai canja ba.

Na san da ita aka raine mu. Amma ka hana a ɗura wa yaronka. In Goggo ta yi fushi, ta yi da ni.

Allah ya raya shi.

Ƙanenka Mato